Asirin Yawun Masu Shan Jini

Ɗalibai, me ya sa jini ba ya daskarewa a bakin matsattsaku? Asirin yana cikin yawunsa, wanda ke ɗauke da sinadarin hirudin mai hana daskarewar jini. Sauro ma yana da irin wannan dabara. Macen ce kaɗai ke cizo, domin ƙwanta ya ƙosa, kuma kafin ta tsotsa sai ta zuba yawu cikin fata. Ta nan ne ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ke shiga jiki, ƙwayar da Ronald Ross ya gano a cikin sauro a Indiya a 1897. Ashe jinin da ta sha kaɗan ne. Haɗarin yana cikin abin da ta bari. Saboda haka, a riƙa kwana cikin gidan sauro.