Ƙarancin Ruwa a Jiki: Darasi Daga Masu Gudun Fanfalaki

Masu gudun fanfalaki kan yi kilomita 42 da ɗoriya ba tare da hutawa ba. A rana mai zafi, mai gudu na iya zubar da gumi lita 1 zuwa 2 cikin awa guda. Idan ruwan da ya fita ya haura kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa, sai ƙarfinsa ya fara raguwa, zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Ba zai yiwu a tsayar da shi a ɗebi jininsa yana tsakiyar gudu ba. Wannan ne ya sa masana ke neman hanyar auna ruwan jiki da haske, ba allura, ba tsaga.

Yadda hasken ke aiki

Wataƙila an taɓa maƙala miki wata 'yar na'ura a yatsa a asibiti. Sunanta oksimita, kuma wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, ya gano dabararta a farkon shekarun 1970. Tana aika haske iri biyu ta cikin yatsa: ja, da wani wanda ido ba ya gani. Jinin da ke ɗauke da iskar oksijin yana shan hasken nan daban da jinin da ba ya ɗauke da ita. Ta haka na'urar ke lissafa oksijin da bugun zuciya.

Shi ma ruwa yana shanye wani ɓangare na hasken da ido ba ya gani. Don haka ake haska fatar masu gudu, a auna abin da ya dawo. Sai dai har yanzu aikin yana matakin gwaji. Gumi, motsi, sanyin yatsu da launin fata duk suna iya rikita sakamako. Ko oksimitar asibiti, jan farce da baƙin lalle na iya ruɗa ta. A lura: aikinta auna oksijin ne, ba ta nuna yawan ruwan jiki.

Shi ya sa masu gudu ke dogara ga sikeli da fitsari. Suna hawa sikeli kafin gudu da bayansa. Duk kilo 1 da ya ragu, kusan lita 1 ke nan ta fita.

Ina ruwan mai ciki da wannan?

Jinin mai juna biyu kan ƙaru da kusan rabi kafin haihuwa, ga kuma ruwan da jariri ke kwance a ciki. Amai na laulayi, zawo, zazzaɓi, zafin bazara da aikin murhu duk suna rage ruwa. Idan ya yi ƙaranci, mara na iya fara ɗaurewa kamar naƙuda. Sikeli ba zai taimake ki ba, tunda nauyinki ƙaruwa yake yi. Ki kula da waɗannan alamu:

1. Fitsari kaɗan, mai duhu kamar ruwan shayi, mai wari. Wasu ƙwayoyin bitamin kan sa shi rawaya, amma ba sa rage yawansa.
2. Bushewar baki da leɓe.
3. Jiri idan kin miƙe, ciwon kai da kasala.
4. Bugun zuciya da sauri kina zaune.

Abin yi

Ki sha kofi 8 zuwa 12 na ruwa mai tsafta a yini, kaɗan-kaɗan, kada ki jira sai ƙishirwa ta kama ki. Idan akwai amai ko zawo, ki haɗa fakitin ORS ɗaya da ruwa lita 1. In babu, ki zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri da ƙaramin cokali 6 na sukari a lita 1, a shafe bakin cokalin. Abin da ya kai awa 24 a zubar, a haɗa sabo.

A garzayo asibiti idan ruwa ba ya zama a ciki, ko an yi awa 8 ba fitsari, ko ta suma, ko hankalinta ya gushe, ko motsin jariri ya ragu, ko mara na ta ɗaurewa bayan ta sha ruwa ta huta. Maigida da uwar miji, ku ne za ku fara ganin canji. Ku ajiye mata ruwa kusa, ku rage mata aikin tsakar rana.

Allah Ya sauke ku lafiya.