Darasin lafiya: Tsufa ba zaman wuri ɗaya ba ne

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki. Darasinmu na yau a kan tsofaffinmu yake, da mu kanmu da muke bin sawunsu.

A ƙasarmu, idan ɗa ya samu abin hannunsa, yakan fara da hutar da iyayensa. Sai ya ce: "Baba, ka bar zuwa gona." Ya ce: "Inna, ki zauna, ga jikoki nan." Wani ma ya ɗauko su daga ƙauye ya kawo su Maraɗi. Da safe shayi da burodi, da rana shinkafa da mai. In za su unguwa, a kira musu kabu-kabu. Niyyar tana da kyau, Allah ya ba da lada. Amma sau da yawa, bayan ƴan shekaru, sai jikin tsoho ya yi nauyi, mantuwa ta yi masa yawa. Wata rana a wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye. Sai a ce tsufa ne, ko a ce iska ce ta buge shi. Shin tsufa ne kaɗai? Masana sun nemi amsa wurin wata dabba da kowa ya sani, wato ɓera, wanda muke kira kusu.

Zuciya injin ban ruwa ce

Kafin mu je ga ɓera, bari mu fahimci jikinmu. Duk wanda ya je garaken Jiratawa ya ga yadda ake ban ruwa. Inji yana jawo ruwa daga ƙasa. Ruwan yana bin magudana har ya kai ga kowane fili. Idan magudana ta toshe, shukar da ke gabanta sai ta yi yaushi. Idan ta fashe, ruwa ya yi ɓarna.

Haka jikin mutum yake. Zuciya ita ce inji. Tana bugawa kamar sau 100.000 a kwana ɗaya. Jijiyoyin jini su ne magudana. Ƙwaƙwalwa kuwa shuka ce mai yawan shan ruwa. Ba ta da girma, amma kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da jiki ke ci, ita ke cinye shi.

Jijiyar yaro tana da taushi kamar sabuwar roba. Da shekaru suka ja, sai ta riƙa tauri. Dole zuciya ta ƙara ƙarfi wajen tura jini. Wannan yana cikin abin da ke kawo hawan jini, wanda ake ce wa tansiyon. Idan jijiyar cikin ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe, shi ne ɓarin jiki ke shanyewa.

Me ya sa aka zaɓi ɓera?

Ɓera yana da zuciya, da jijiyoyi, da ƙwaƙwalwa, kuma suna aiki kusan irin namu. Sannan ba ya daɗewa a duniya. Shekara 2 zuwa 3 ya ƙare kwanansa. Abin da za a jira shekara 60 kafin a gani ga mutum, ana ganinsa ga ɓera cikin watanni.

Gwaji na farko: motsi

A shekarar 2005, masana na cibiyar bincike ta Salk, a ƙasar Amurka, sun ɗauki tsofaffin ɓeraye masu wata 19. Ga ɓera, wannan kamar shekara 60 ne ga mutum. Tun haihuwarsu a keji suke, ba su da wurin gudu. Aka raba su kashi biyu. Kashi na farko aka sa musu wani abu mai juyawa kamar ƙafar keke, wanda ɓera ke shiga ya yi ta gudu in ya ga dama. Kashi na biyu aka bar su a zaune.

Bayan wata ɗaya aka gwada su. Aka sa su cikin babban kwano mai ruwa. A cikin ruwan an ɓoye wani ɗan tudu da ɓera zai hau ya huta. Masu gudu sun fi saurin koyon inda tudun yake, kuma sun fi riƙe shi a kai. Da aka duba ƙwaƙwalwarsu, sai aka tarar sababbin ƙwayoyin halitta sun ƙaru a sashen da ke riƙe abin da aka koya.

A shekarar 2010 kuma, masana na jami'ar Kolorado sun duba jijiyoyin tsofaffin ɓeraye. Waɗanda suka yi kamar wata 3 suna gudu, babbar jijiyarsu ta wuya ta rage tauri.

Mu lura da kyau: waɗannan ɓeraye sai da suka tsufa suka fara motsi, amma duk da haka sun amfana.

Gwaji na biyu: gishiri

A shekarar 2018, masana na birnin Niyok sun ba ɓeraye abinci mai gishiri da yawa, ninki 8 zuwa 16 na abin da suka saba. Bayan mako 8, jinin da ke isa ƙwaƙwalwarsu ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Daga baya suka fara rikicewa. Ko sheƙarsu ba su iya ginawa da kyau. Da aka mayar da su ga abincinsu na da, sai jini ya dawo yana gudu daidai.

To, mutum fa?

Mutum ba ɓera ba ne. Ba duk abin da aka gani ga ɓera ne ke tabbata ga mutum ba. Shi ya sa aka gwada ga mutane. A shekarar 2011 aka ba da sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka da dattawa 120. Rabinsu sun riƙa tafiya da ƙafa, minti 40, sau 3 a mako, har shekara guda. Sashen ƙwaƙwalwarsu mai riƙe abin da aka koya ya ƙaru da kashi 2 cikin 100. Na sauran kuwa ya ɗan ragu.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ce a rahotonta na 2023, cikin kowane manya 3 a duniya, ɗaya yana da hawan jini. Kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, domin sau da yawa ba ya nuna alama.

Abin da za mu yi

1. Mu bar tsofaffi su motsa. OMS ta ce babba yana bukatar motsa jiki na minti 150 a mako, ko fiye. Wato minti 30 a kwana, kwana 5. Wanda ke kusa da masallaci ko kasuwa ya tafi da ƙafa. Tsohuwa ta yi shara, ta ba awakinta haki, ta taka zuwa barka da gaisuwa. A yi da sanyin safiya ko da la'asar, a sha ruwa. Wanda ya daɗe a zaune ya fara da minti 10, ya riƙa ƙarawa. Ba mu ce a ɗora wa tsoho noman huɗa da tsakar rana ba.

2. Kada rani ya zaunar da mu. Manomi yana motsi da damina, amma bayan kaka wasu sai zaman dandali har wata 7. Masu garka a Jiratawa da fadamar gulbi ta Tsibiri sun samu riba biyu: jikinsu yana motsi, gidansu yana cin ganye.

3. Mu rage gishiri. Abin da babba zai ci a kwana kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya. A cikin wannan lissafi har da dunƙulen magi, domin kusan rabinsa gishiri ne. Kanwa ma ƴar uwar gishiri ce. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura cewa yawan shan kunun kanwa yana cikin abin da ke gajiyar da zuciyar mata masu jego. Uwargida ta ƙara daddawa, da albasa, da tafarnuwa, da citta. A rage gishirin kaɗan-kaɗan, harshe zai saba.

4. Mu riƙe abincinmu na gado. Fura da nono, tuwon hatsi, wake, miyar kuka, kuɓewa, yakuwa, da kwaɗon zogale, duk alheri ne. Abin da za a rage shi ne sukarin shayi, da lemun kwalba, da soye-soye, da kitse. Taba kuwa a bar ta gaba ɗaya.

5. Kada a hana tsoho abinci. Rage gishiri da sukari dabam, yunwa dabam. Mu da muka ga wahalar 2005 mun san abin da yunwa ke yi wa jiki. Tsohon da ke ramewa ƙari yake bukata.

6. Mu auna jininmu. Duk wanda ya kai shekara 40 ya je gidan likita mafi kusa a auna shi, ko da sau ɗaya a shekara. Idan awo ya kai 14 da 9, kuma aka sake aunawa wata rana aka tarar da haka, to hawan jini ne. Wanda aka ba magani kada ya bar sha don ya ji sauƙi. Tafiya da ganye suna taimakon magani, ba su maye gurbinsa.

7. Mu san alamun haɗari. Idan baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, a kai mutum asibiti nan take. Haka kuma wanda ya ji ciwon ƙirji ko numfashinsa ya ɗauke wajen tafiya, ya tsaya, ya ga likita.

Tsufa da mutuwa na Allah ne, babu mai kauce musu. Amma jiki amana ne, kuma rigakafi ya fi magani. Ɗa nagari ya ciyar da iyayensa, ya tufatar da su, sannan ya kama hannun Baba su taka tare.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Da me aka kwatanta zuciya da jijiyoyi a wannan darasi?
2. Wata nawa ne ɓerayen suke da shi lokacin da suka fara gudu?
3. Minti 30 sau 5, minti nawa ke nan?
4. Dunƙulen magi nawa ke shiga tukunyar gidanku a kwana, kuma mutum nawa ke ci?
5. Wane aiki marar nauyi ne tsofaffin garinku za su iya yi da rani?