KALULUWA DA TUNDURMI: MAGUDANAN RUWAN JIKIN ƊAN ADAM

Duk wanda ya yi damina a Mararaba, kan hanyar Abuja zuwa Keffi, ya san abin da ke faruwa idan lambatu ya toshe: ruwa ya taru, ya hana jama'a wucewa. To, jikin mutum ma yana da nasa magudanan, ban da jijiyoyin jini, kuma wajibi ne kowa ya san aikinsu.

Yadda Suke Aiki

A kullum wani farin ruwa yakan tsattsafo daga ƙananan jijiyoyin jini ya ratsa naman jiki. Likitoci suna kiransa limf. Waɗansu siraran hanyoyi ne ke kwashe shi, su bi da shi har gindin wuya, inda yake komawa cikin jini. Ba zuciya ce ke tura shi ba, motsin gaɓoɓi ne da numfashi. Waɗannan hanyoyi kuma su ke ɗauko maiƙon abinci daga hanji.

A kan hanyar akwai ɗaruruwan ƙananan ƙulallai, musamman a wuya da hamata da matsematsi. Aikinsu tace ruwan da kashe ƙwayoyin cuta, kamar yadda saifa ke tace jini. Shi ya sa idan mutum ya ji rauni a ƙafa sai kaluluwa ta fito masa: alama ce jiki na yaƙi. Amma kaluluwar da ta yi makonni ba ta sace ba, a kai ta asibiti, domin tana iya zama tarin fuka ko ciwon daji.

Abin Da Ke Toshe Su

Tundurmi ba sammu ba ne, ba kuma taka asiri ke kawo shi ba. Wata siririyar tsutsa ce da sauro ke ɗaukowa daga jinin wani ya sa wa wani, irin sauron nan mai kawo zazzaɓin cizon sauro. Tsutsar takan zauna cikin magudanan nan shekara 6 zuwa 8 tana lalata su. Sau da yawa tun ana yaro ake kamuwa, sai an girma ƙafa ko hannu ya kumbura, ko gwaiwa ta sauko wa namiji.

Abin Da Aka Yi

A 2000 aka fara raba magungunan Mectizan da albendazole sau ɗaya a shekara a jihohin Filato da Nasarawa, tare da taimakon Cibiyar Carter ta Amurka, aka kuma raba gidajen sauro masu magani. A 2017 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ba da sanarwar cewa an katse yaɗuwar cutar a jihohin biyu. Mararaba, da ke cikin Ƙaramar Hukumar Karu, tana cikin wuraren da suka amfana. Amma maganin ba ya mai da ƙafar da ta riga ta kumbura yadda take.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

1. Mai kumburin ƙafa ya wanke ta kullum da sabulu da ruwa mai tsabta, ya tsane tsakanin yatsu.
2. Ya riƙa motsa ta, ya ɗaga ta sama idan ya kwanta, kada kuma ya yi tafiya ba takalmi.
3. Kada a yi tsaga ko ƙaho a wurin, domin rauni ne ƙofar ƙwayoyin cuta.
4. Gwaiwa tana warkewa da tiyata. Kunya kada ta hana magidanci zuwa asibiti.
5. Kowa ya kwana cikin gidan sauro. Inda ake raba maganin kuwa, a karɓa a sha.

Jama'a, kada a ƙyamaci mai tundurmi, domin ba a ɗaukarsa ta gaisawa ko cin abinci tare. Ɗan'uwanmu ne mai bukatar taimako. Lafiya uwar jiki, rigakafi kuwa ya fi magani.