Zuwa Ga Matasan Iyaye: Ku Bar Yaro Ya Riƙe Fensirinsa



Ƙannena da 'ya'yana, ku da kuka fara kai yara makaranta a 'yan shekarun nan, ina gaishe ku da ɗawainiya. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa musu albarka. Na san irin cizon da kuɗin makaranta da na littattafai da na adaidaita ke yi wa aljihunku, don haka ba zan ɗora muku wani sabon kashe kuɗi ba. Maganata a kan ɗan lokacin nan ce da yaro zai dawo gida, ya yar da jaka, ya ce, "Umma, an ba mu aikin gida."

A gidaje da yawa, ga yadda ake ƙarewa: uwa tana fama da tukunya, uba bai dawo daga kasuwa ba, sai a ƙwala wa babbar ya kira, "Ke, zo ki yi masa, kada a doke shi gobe." Ita kuwa ta karɓi littafin, ta zazzaga amsoshi cikin minti biyar, ta koma harkarta. Yanzu ma abin ya ƙara sauƙi, ɗaukar hoton shafin kawai ake yi a tambayi waya. Kowa ya huta, yaro ya kwanta da murna.

Mu da muka daɗe a aji muna gane irin wannan littafi tun kafin mu gama buɗe shi. Rubutu ne tsaf a kan layi, babu gogewa ko ɗaya, goma bisa goma. Sai ka kira mai littafin gaban allo, ka ce ya cire 17 daga 42, ya tsaya yana kallon alli. A ƙarshe ya rubuta 35, domin ya ga ba a iya cire bakwai daga biyu, sai ya juya su ya cire biyu daga bakwai. Wannan kuskuren shi malami ke nema tun farko. Da ya gan shi a littafin aikin gida, da ya san yaron bai gane aro daga gidan gomomi ba, da ya maimaita darasin. Amma littafi ya shaida masa cewa komai lafiya, sai ya wuce gaba. Yaron da bai iya aro a aji biyu ba, rabawa za ta kayar da shi a aji huɗu, a sakandare kuma ya yanke hukuncin cewa shi dama ba shi da kan lissafi. Ranar da WAEC ko NECO ta ƙarato, uban nan ne dai zai shiga neman makarantar da ake "taimaka wa yara" a ɗakin jarrabawa. Muna ta tsine wa satar amsa, alhali sau da yawa a kan tabarmar tsakar gida aka fara koya ta.

Abin mamaki, iyayenmu ba su taɓa yin wannan ganganci da karatun allo ba. Wace uwa ce ta taɓa zuwa gaban malam ta biya wa ɗanta allonsa? Yaro ne zai yi ta maimaitawa har ya zauna masa, malam ya saurara, in bai iya ba babu wankewa, babu ƙari. Aikin uwa a gida shi ne ta ce, "Zo ka biya mini in ji," ko da hannunta na cikin wanke-wanke. Abin da nake roƙonku ke nan ku yi wa boko. Yaro ya yi, ku ku saurara.

Wani zai ce, to ni da ban yi nisa a boko ba fa? Wallahi kana da abin yi, har ma ka fi wani mai digiri da ba ya zama a gida. Buɗe littafin ka duba: akwai kwanan watan yau? Yaushe rabon da jan biro ya taɓa shi? In mako biyu sun wuce babu hannun malami, akwai magana, ko yaron ba ya shiga aji, ko malamin ba ya dubawa. Sannan ka ce masa, "Faɗa mini da Hausa, me aka ce ku yi a nan?" Yaron da ya gane darasi zai iya bayyana shi da harshen da yake mafarki da shi. Wanda ya haddace kawai, zai rera maka Turancin tiryan-tiryan, ka tambaye shi ma'ana ya yi zuru. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta yi maganar fara koyar da yara da harshen uwa, gwamnatoci kuma sun yi ta kai gwauro suna kai mari a kan batun, wasu makarantun kuɗi har tara suke cin yaro in ya yi Hausa. Wannan rigimarsu ce. A cikin gidanka babu dokar da ta hana ka fahimtar da ɗanka da Hausa, kuma yaron da ya iya karanta Hausa da kyau ya riga ya san yadda baƙi da wasali ke haɗuwa, Turanci ba zai zo masa a baƙo sosai ba.

Saboda haka ku ajiye littafin Hausa a gida. Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam har gobe suna kasuwa, ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. A sa yaro ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi bayan cin tuwo, kaka tana ji, ƙanne suna dariya. In ya yi tuntuɓe a kalma, ku ɗan jira shi, kada ku yi saurin cafe ta daga bakinsa. Lissafi kuwa ga shi nan a aike: ba shi dubu ɗaya ya sayo abin ɗari shida da hamsin, ya faɗi canjin kafin ya fita.

Sai batun lokaci, wanda a ganina nan ne muka fi zaluntar yara ba da sani ba. Yaro ya fita boko da sassafe, ya dawo bayan Azahar, ya ci abinci a tsaitsaye ya wuce Islamiyya, wani ma bayan Magariba akwai makarantar dare. Sai ƙarfe tara, ido ya yi nauyi, an ɗauke wuta, sannan a tuna da aikin gida, a haska masa fitilar waya ana yi masa tsawa. Ku zauna ku duba ranar yaronku, ku yanka masa rabin sa'a sananniya da ba a aikensa a cikinta, ba a kunna talabijin, ku ma ku kife wayarku. Ku lura da 'ya mace musamman. Sau da yawa ita ce mai shara, mai raino, mai wanke-wanke, wata har da talla, ɗan'uwanta yana ƙwallo a waje, sannan a zo ana cewa ba ta da ƙoƙari. A ƙasar da Nana Asma'u ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye don karantar da mata tun ƙarni na 19, bai kamata a ce rabin sa'a ta gagari yarinya ba.

Ku iyaye maza, da ku nake musamman a nan. Biyan kuɗin makaranta ba shi ne ƙarshen aikinku ba. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ɗora wa iyaye alhakin ganin yaro ya kammala firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara ke nan, amma tura yaro daban, sanin abin da yake yi a can daban. Akwai uban da bai san ajin ɗansa ba, balle sunan malaminsa, ba a ganinsa a makaranta sai ranar da aka doki yaron ya zo faɗa. Ɗaukar malamin lesin ba laifi ba ne ga mai hali, amma in shi ma cike littafin yake yi don a ga aikinsa, kun sayi cutar da kuɗinku ne.

Ranar karɓar sakamako kuma, ku rage tambayar "Na nawa ka zo?" A aji mai yara tamanin mutum ɗaya ne zai zo na ɗaya. Ku tambayi abin da ya iya yanzu wanda bai iya ba a zangon baya. Kalmar "daƙiƙi" kuwa ku cire ta daga bakinku, yaro yana yarda da abin da iyayensa suka kira shi. Kafin ku ɗauki bulala, ku tabbata yana ganin allo daga inda yake zaune, yana jin malami sosai, kuma ya karya kumallo kafin ya fita. Na ga yaran da aka yi ta duka a kan rashin ƙoƙari, ashe tabarau kawai suke bukata.

In aikin ya gagari yaro bayan ya yi iya yinsa, ku bar shi ya kai shi haka, da kuskurensa da gogewarsa. Ku rubuta wa malami layi ɗaya a ƙasa, ko ku aika masa saƙo: "Malam, ya gwada, nan ne bai gane ba." Malamin kirki zai gode muku. Ina roƙonku, cikin makon nan kowa ya sami hali ya leƙa makarantar ɗansa, ya gaisa da malamin ajin, ya karɓi lambarsa, ya tambaye shi inda yaron ke da rauni.

Allah Ya taya ku riƙo. Wassalam.

Naku,
wani tsohon malamin firamare