Matattun Duwatsun Wuta na Tsibiran Mashigin Tekun Gini

Dutse mai aman wuta, a bayanin masana ilimin ƙasa, kafa ce a ɓawon ƙasa wadda narkakken dutse da toka da iska mai zafi ke bi su fito daga ƙarƙashi, abin da ya fito ya yi ta taruwa a bakin kafar har ya zama tudu, tudun kuma ya girma ya zama tsauni. Masanan sun kasa waɗannan duwatsu gida uku: akwai mai rai, wanda yake aman wuta a yanzu ko kuwa ya yi a baya-bayan nan, akwai mai barci, wanda ya daɗe bai motsa ba amma har yanzu da sauran zafi a cikinsa, akwai kuma matacce, wanda hanyar da ke kawo masa narkakken dutse ta toshe, ba a kuma sa ran zai sake tashi. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne shekara dubu goma, wato dutsen da ya haura wannan adadi bai yi aman wuta ba, kuma babu alamar narkakken dutse a ƙarƙashinsa, akan sa shi cikin matattu. Sai dai wannan rabo ya fi sauƙi a takarda, domin a fili sau da yawa da wuya a bambance mai barci mai nauyi da wanda ya mutu, kuma tsibirai huɗu da ke Mashigin Tekun Gini, kudu da gaɓar Najeriya da Kamaru, sun ishi mai nazari misali.

Tsibiran su ne Biyoko, wanda a da ake kira Fanando Po, da Firinsife da Sawo Tome da Anobon. Na farko da na ƙarshe mallakar ƙasar Ikwatoriyal Gini ne, na tsakiya biyu kuwa ƙasa ɗaya ce mai cin gashin kanta tun 1975. Duk wanda ya dubi taswira zai ga sun jeru a kan layi guda tun daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, kamar duwatsun tsallake rafi, kuma idan aka bi layin zuwa tudu sai ya ratsa Dutsen Kamaru da tsaunukan yammacin Kamaru, ya yi rassa zuwa tudun Adamawa da tsaunukan Mandara da tudun Biu. Wannan jeri mai tsawon kimanin kilomita 1,600 shi ake kira layin duwatsun wuta na Kamaru, rabinsa a cikin teku rabinsa a kan tudu. A tsibiran Hawayi na Tekun Fasifik shekarun tsibirai suna ƙaruwa ne bi da bi daga wannan kai zuwa wancan, saboda ɓawon ƙasa yana gogawa a hankali a kan wuri guda mai zafi, kamar ƙyallen da ake ja a kan fitila. A nan kuwa lissafin bai bi wannan tsari ba, domin duwatsu mafi tsufa suna Firinsife ne, inda suka kai kimanin shekara miliyan 31, na Sawo Tome sun haura miliyan 13, na Anobon kusan miliyan 5, Biyoko da ke ɗaya kan shi ne mafi ƙarancin shekaru a cikinsu, kuma saboda haka har yau masana suna muhawara kan asalin zafin da ya haifi layin.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne yadda dutse ke zama bayan wutarsa ta mutu. Sabon dutsen wuta yana da siffar malafa, gefensa a shafe, bakinsa a buɗe a ƙoli. Da zarar aman wuta ya tsaya, ginin ya tsaya, sai ruwan sama ya karɓi aiki, kuma a waɗannan tsibirai ruwan ba na wasa ba ne, don a ƙauyen Ureka da ke kudancin Biyoko ruwan da ke sauka a shekara yakan haura milimita 10,000, abin da ya sa yake cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwa a duniya. Ruwan yana fara cin toka da tsakuwa marasa ƙarfi, ya haƙa kwazazzabai, kwazazzaban su zama kwari masu zurfi, har jikin dutsen ya zaizaye. Amma narkakken dutsen da ya daskare a cikin maƙogwaron dutsen, wato bututun da yake bi ya hau, ya fi abin da ke kewaye da shi tauri, saboda haka shi ruwa ba ya iya cinye shi da wuri, sai a wayi gari ya rage shi kaɗai a tsaye kamar taɓarya. Mafi shahara a irin wannan shi ne dutsen Kawo Girande da ke kudancin Sawo Tome, a cikin gandun dajin Obo, wanda ma'anar sunansa a harshen Fotugal ita ce babban kare. Ƙolinsa yana mita 663 sama da teku, ya kuma yi sama da mita 300 a miƙe bisa dajin da ke gindinsa, galibi kansa a lulluɓe da gajimare. Dutsen da aka yi shi da shi ana kiransa fonolait, wato dutse mai amo, domin idan aka ƙwanƙwasa falalensa yakan yi ƙara kamar ƙarfe. Kudancin Firinsife, da yake ya fi tsufa, cike yake da irin waɗannan duwatsu masu tsini, ƙolin tsibirin bai kai mita 1,000 ba, yayin da na Sawo Tome ya kai mita 2,024, na Biyoko kuwa, wato dutsen Basile, ya kai mita 3,011. Mai karatu da ya taɓa ganin duwatsun Rumsiki masu tsini a ƙasar Kapsiki, kusa da iyakar Najeriya da Kamaru, ya ga 'yan uwansu na jini, sai dai su a busasshiyar ƙasa suke tsaye.

Alama ta biyu ita ce rami. Bakin dutsen da ya daina aman wuta yakan tara ruwa ya zama tafki mai da'ira, kamar tafkin Biyawo a Biyoko da tafkin da ke tsakiyar Anobon, ko kuwa ciyayi su rufe shi ya zama fadama mai lilo a ƙarƙashin ƙafa, kamar Lagowa Ameliya a Sawo Tome. Idan kuwa ɗakin da ke riƙe da narkakken dutse a ƙarƙashi ya zama wayam, rufinsa yakan rufta, ƙolin dutsen ya faɗa ciki, a sami wagegen rami mai faɗin kilomitoci wanda ake kira kaldera, kalmar da ke nufin tukunya a harshen Sifen. Irinsa ne babban ramin Luba a kudancin Biyoko, wanda tsananin gangarensa ya hana manoma da masu saran itace shiga, har ya zama mafakar birai da ba a cika samun irinsu ba.

Ba a siffar ƙasa kaɗai wannan tarihi ya tsaya ba, ya shafi halittu da mutane. Biyoko yana kan tudun da ke ƙarƙashin ruwa mara zurfi, kimanin kilomita 32 daga gaɓar Kamaru, kuma a zamanin da ƙanƙara ta rufe sassan duniya ruwan teku ya ja baya, a haɗe yake da nahiyar, shi ya sa dabbobinsa suka yi kama da na Kamaru, kuma Turawa suka tarar da al'ummar Bubi a zaune a cikinsa. Sauran ukun kuwa daga ƙasan teku mai zurfin dubban mitoci suka taso, ba su taɓa haɗuwa da tudu ba, don haka duk abin da ke rayuwa a kansu sai da ya ƙetaro ruwa, ko ta fiffike ko ta iska ko a kan itacen da kogunan nahiyar suka kwaso. Kaɗan ne suka iso, amma waɗanda suka iso sun daɗe a keɓe har suka rikiɗe suka zama jinsuna na daban, shi ya sa Sawo Tome da Firinsife ke da tsuntsaye fiye da ashirin da babu su a ko'ina a duniya. Lokacin da matuƙan jiragen ruwan Fotugal suka iso wajajen 1470, ba su tarar da ko mutum ɗaya a kan waɗannan ukun ba.

Abin da suka tarar shi ne ƙasa. Baƙin dutsen da narkakken dutse ke zama idan ya huce, wanda ake kira basalt, idan ya ruɓe a ƙarƙashin zafi da ruwa yakan ba da ƙasa mai albarka, kuma wannan albarka ce ta jawo wa tsibiran arziki da baƙin ciki a lokaci guda. A ƙarni na 16 Sawo Tome ya zama babbar gonar rake wadda bayin da aka kwaso daga nahiyar ke nomawa, ya kuma zama zango a fataucin bayi. A ƙarni na 19 aka kawo koko da kofi, aka kafa manyan gandaye da ake kira rosa, kuma a farkon ƙarni na 20 tsibirin ya kai ga zama kan gaba a duniya wajen fitar da koko, bisa gumin 'yan ƙwadagon da aka ɗauko daga Angola da sauran yankunan mulkin Fotugal cikin yanayin da bai yi nisa da bauta ba. Gonakin kokon Fanando Po su ma sun ci ƙarfin dubban 'yan Najeriya, akasarinsu daga kudu maso gabas, kuma daga can ne maƙeri Tete Kwashi ya koma da irin koko zuwa ƙasar da yanzu ake kira Gana. Tsayin duwatsun ma yana raba ruwa: kudu maso yammacin Sawo Tome da ke fuskantar iskar teku daji ne mai duhu, arewacinsa da tsauni ya kare kuwa fili ne mai ciyawa, har da itatuwan kuka a bakin teku.

Saura batun taka-tsantsan wajen yanke hukuncin mutuwa. Tun da aka fara zama a Firinsife da Sawo Tome da Anobon ba a taɓa rubuta aman wuta a cikinsu ba, amma shekara ɗari biyar a rayuwar dutse ba ta fi ƙiftawar ido ba, kuma hujjar masana ta fi dogara ne ga auna shekarun duwatsu da sauraron motsin ƙasa fiye da abin da mutane suka tuna. Dutsen Basile, wanda birnin Malabo ke gindinsa, yana da kamannin natsuwa, daji ya rufe shi, amma an rubuta ya yi aman wuta a 1923, saboda haka ba ya cikin matattu. Dutsen Kamaru da ke tsallaken ruwa, mai tsayin sama da mita 4,000, ya yi aman wuta a 1999 da 2000. Haɗarin ma ba lalle ne ya zo da wuta ba. A daren 21 ga Agusta 1986, tafkin Niyos da ke cikin wani tsohon bakin dutse a arewa maso yammacin Kamaru ya saki tarin iskar kabon dayokzaid, irin wadda mutum ke fitarwa in ya yi numfashi, wadda ta daɗe tana tsattsafowa daga ƙarƙashi tana narkewa a ƙasan ruwan. Da yake iskar ta fi iskar shaƙa nauyi, sai ta bi kwari ta malala cikin ƙauyuka, ta shaƙe mutum 1,746 da dabbobi kimanin 3,500, yawancinsu shanun Fulani makiyaya. Shekara biyu kafin nan tafkin Monun ya halaka mutum 37 ta wannan hanya. Tun daga 2001 aka fara kafa bututu a tafkin Niyos mai zuƙo ruwan ƙasa zuwa sama domin iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan.

A ɓangaren Najeriya, tudun Biu da ke kudancin jihar Borno shimfiɗar basalt ce mai ɗauke da ƙananan tsaunuka masu siffar malafa, tafkin Tila da ke kusa da garin Biu kuma a cikin bakin tsohon dutsen wuta yake zaune, kamar yadda tafkin Biyawo yake a Biyoko.