Huhun Mai Sankarar Jini da Ƙurar Kasuwa

Ya ku jama'ar Kasuwar Jalingo, 'yan hatsi da 'yan tireda da masu sito, ku sani cutar nan da likitoci ke kira sankarar jini, musamman mai gaggawar da kan kwantar da mutum cikin 'yan makonni, asalinta daga ɓargo ne, inda Allah cikin hikimarsa ya sanya ake ƙera jini. Kuma maganin da ake ɗura wa majinyaci domin hallaka miyagun ƙwayoyin ba ya rarrabe mugu da nagari, yakan share har da fararen ƙwayoyin da ke gadin jiki. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan ɗurin magani suke kaiwa maƙurar ƙaranci, sa'an nan sukan yi makonni kafin su farfaɗo. A wannan muddar jiki gari ne da ganuwarsa ta rushe, ƙofar da mahara suka fi bi kuwa ita ce huhu.

To, abin da ya wajaba ɗan kasuwa ya fahimta shi ne sha'anin fumfuna. Wannan baƙi-baƙi ko kore-koren da ke fitowa a jikin masara da gyaɗa idan an ɗura su a buhu ba su gama bushewa ba, yana da iri mai tsananin ƙanƙanta wanda ido ba ya riskarsa, da zarar an zazzage buhu ko an share sito sai ya tashi cikin iska. Ni da kai muna shaƙarsa kullum ba ya yi mana kome. Amma wanda garkuwar jikinsa ta faɗi, irin yakan tsira a cikin huhunsa, ya huda jijiyoyin jini, har a ga kaki da jini. Turawa na ce masa asfajilos, kuma maganin ƙwayoyin cuta da aka saba ba ya taɓa shi. Saboda haka al'adar nan ta cewa a fito da maras lafiya rumfa ya ga jama'a ya sha iska, ko da yake tausayi ne ya haife ta, a ganina ganganci ce, balle a lokacin hunturu. Haka kuma a nisanta shi da hayaƙin itace da turaren wuta, da wurin da ake rushe tsohon gini.

Akwai kuma namoniya, da tarin fuka wanda ya daɗe yana kwance sai yanzu ya sami sarari, da zubar jini cikin huhu saboda ƙarancin ƙwayoyin da ke daskarar da jini, da taruwar ruwa bayan ƙarin jini. Alamominsu sun yi kama da juna ƙwarai, sai hoton ƙirji da awon jini da na kaki ke bambance su.

Dubiya sunna ce mai falala, babu mai jayayya. Sai dai malamanmu sun tabbatar da cewa tunkuɗe ɓarna yana gaba da jawo maslaha, don haka mai mura ko tari ya aika da addu'arsa daga nesa, wanda ya shiga kuma ya wanke hannu da sabulu, ya sa takunkumi, ya taƙaita zama.

Lalle a ajiye ma'aunin zafin jiki a gida. Idan ya nuna digiri 38 ko fiye, ko aka ga haki, ko sabon tari, ko suka a haƙarƙari, kada a tsaya kemis neman farasitamol, domin zai ɓoye zazzaɓin ne kurum, asfirin kuwa na iya jawo zubar jini. A nufi Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na nan Jalingo ko da tsakar dare ne, tare da katin asibitin da ake ɗura wa majinyacin magani, ko a Shika ne ko a Kano, a faɗa wa likita ranar ɗurin ƙarshe tun daga bakin ƙofa, gama ana so allurar maganin ƙwayoyin cuta ta jijiya ta shiga jikinsa cikin sa'a ɗaya da isowarsa.