Murmurewa da Wuri Bayan Tiyatar Babban Hanji

A da, wanda za a yi wa tiyatar babban hanji akan hana shi ci da sha tun daga tsakar dare. Bayan an gama aikin kuma sai a zura masa roba ta hanci zuwa ciki, ya yi mako guda ko fiye yana kwance. A yau masana sun gano cewa wannan tsari yana ƙara wa jiki wahala ne.

Dalili kuwa, jikin ɗan Adam bai san bambanci tsakanin wuƙar likita da ta maƙiyi ba. Da zarar an tsaga fata, sai ya saki sinadaran kotisol da adirenalin, sinadarin insulin ya rage tasiri, sukari ya taru a jini, tsoka ta fara zaizayewa. Yunwa da doguwar kwanciya suna ƙara tsananta wannan hali, shi kuwa maganin kashe zafi irin su mofin yana sa hanji ya daina motsi.

Wani likitan tiyata ɗan ƙasar Danmak, Henrik Kehlet, shi ne ya fara ƙalubalantar tsohon tsarin. A shekarar 1999 ya ba da rahoton marasa lafiya da aka yanke wa wani sashe na hanji, suka koma gida bayan kwana 2 kacal. A 2001 wasu likitocin Turai, ciki har da Olle Ljungqvist da Ken Fearon, suka kafa ƙungiyar nazarin wannan hanya da ake kira ERAS, suka fitar da ƙa'idojinta a 2005.

Ga kaɗan daga cikinsu. Majiyyaci zai iya cin abinci har zuwa awa 6 kafin tiyata, ya sha ruwa mai ɗan sukari har zuwa awa 2. A rage mofin, a haɗa da wasu magungunan zafi. Kada a cika masa ƙarin ruwa, kada a bari jikinsa ya yi sanyi a ɗakin tiyata. Cikin awa 24 ya fara ci, ya kuma tashi ya taka.

Mai karatu zai lura cewa yawancin matakan nan ba sa bukatar na'ura mai tsada. Wahalar tana ga barin abin da aka saba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: dole likitan tiyata da mai ba da maganin barci da ma'aikatan jinya su yi magana da murya ɗaya. Su ma 'yan'uwa masu jinya sai an fahimtar da su, domin wanda ya ce wa majiyyaci "kwanta ka huta" yana iya jinkirta warakarsa bisa kyakkyawar niyya.